Sunan Malam Shadrak a Ƙasan Takarda

Shadrak Didam ya zo ƙasar Gwarzo a shekarar 2004, ɗan bautar ƙasa, da jaka ɗaya da ƙaramar rediyo, da niyyar ya yi shekara guda ya koma Zonkwa inda aka haife shi. Sai da ya yi shekara ashirin. Ni Hadi da nake ba da labarinsa, sha huɗu daga cikin shekarun nan tare muka yi su a wata sakandare a Kabo, shi yana koyar da kemistiri, ni ina koyar da Hausa. Da yake dukanmu a Gwarzo muke zaune, a bayan babur ɗinsa nake zuwa aiki, saboda haka yawancin abin da na sani game da shi a kan hanya na ji shi, yana magana iska tana kwashe rabi.

Mutum ne dogo, mai ɗan rankwafawa, ba ya son hayaniya. Mahaifinsa kafinta ne, shi ya riƙa yi wa majami'un ƙauyukansu benci, kuma Shadrak ya gaji haƙurin aikin hannu daga gare shi. Makarantarmu tana da ɗakin gwaje-gwaje, amma babu komai a ciki sai kwalabe marasa murfi da gidan rina. Shi kuwa bai taɓa yarda ya koyar da yara a allo kawai ba. Zoɓo yake jiƙawa a gida ya zo da shi a gora, ya ɗiga lemon tsami a kofi ɗaya, ya ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, yara su ga launi ya juya a gabansu. Matarsa Lucia tana da ɗan shago a kasuwar Gwarzo, tana sayar da manja da kayan miya. 'Ya'yansu biyu, Jemimah da Tony, a nan aka haife su, Hausarsu ta fi ta ubansu daɗi.

Abu ɗaya ya daɗe yana ci masa rai, shi ne digiri na biyu. Sau uku yana samun gurbi a jami'a, sau uku yana barinsa ya wuce saboda ba shi da halin ɗaukar nauyin kansa. A 2019 sai ga dama ta zo. Wani kamfanin haɗa takin zamani, wanda ya kafa masana'anta a gefen Dugabau shekara biyar kafin nan, ya buɗe wa wata jami'a cibiyar binciken ruwa. Ba zan kira sunan kamfanin ba, mutanen yankin ma Kamfani kawai suke ce masa. Shi ya gina ɗakin, ya sayo na'urori, ya sa sola, ya ba da mota, ya kuma ce zai ɗauki nauyin ɗalibai biyar. Shadrak ya shiga cikin biyar ɗin. Ranar da ya sa hannu a takardun, shafi tara, ya ce mini shafin farko da na ƙarshe kawai ya karanta, don murna ba ta bar shi ya tsaya ba.

Malamin da ke duba aikinsa Dakta Mahbub ne, shugaban cibiyar. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne a mu'amala. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana koyar da yadda ake auna ruwa da na'urar da ta mutu tun kafin a ɗauke shi aiki, saboda haka da Kamfani ya kawo sabuwa, an ce da hannunsa ya goge kwalinta. Aikin da ya ba Shadrak shi ne ya zaɓi rijiyoyi ashirin da huɗu a mazaɓun Lakwaya da Jama'a da Dugabau, ya riƙa ɗebo ruwansu duk wata har shekara guda, rani da damina, a auna.

Haka Shadrak ya shiga ƙauyuka. Duk Asabar ta farko a wata zai ɗaure kula cike da ƙanƙara a bayan babur, ya jera kwalabe masu lamba, ya fita tun da hantsi bai yi ba. A nan ya san Malam Bashari, mai makarantar Islamiyya a wata 'yar unguwa da ake kira Unguwar Sajo, ƙasa kaɗan da masana'antar. Rijiyar gidan Malam ita ce lamba goma sha bakwai a jerinsa. Mahaifin Malam ne ya haƙa ta, kuma ba ta taɓa ƙafewa ba, har makwabta ke zuwa ɗiba. Tun ranar farko Malam Bashari ya hana shi tafiya sai ya ci abinci, daga baya kuma ya zama al'ada: Shadrak yana barin lamba goma sha bakwai ta zama ta ƙarshe, don ya zauna a zaure su yi hira. Malam yana son tambaya. Ya tambaye shi me ya sa ƙanƙara take yawo a saman ruwa, me ya sa guga ke tsatsa. Shadrak ya ce mini bai taɓa samun ɗalibi irinsa ba.

Wata na huɗu sakamako ya fara ba shi tsoro. Akwai wani sinadari da ake kira naitiret, wanda shi ne ƙarfin takin zamani. Kaɗan ɗinsa a ruwa ba ya komai. Ma'aunin da aka yarda a sha bai wuce hamsin ba. Rijiyoyin Lakwaya da Jama'a duk suna ƙasa da haka. Amma rijiyoyi shida da ke gangaren masana'antar sun haura, kuma duk wadda ta fi kusa da katangar ta fi yawa. Ta Malam Bashari ta ba da ɗari biyu da goma. Shadrak ya zagaya bayan katangar da ƙafa, ya ga wani babban rami da ake zuba ruwan wankin injuna da sharar taki, ba siminti a ƙasansa, gefensa ya yi fari fat, ko ciyawa babu.

Ya bayyana mini a kan babur cewa babba zai iya shan irin ruwan nan ya daɗe bai ji komai ba. Jariri ne abin ji, musamman wanda bai kai wata shida ba, domin sinadarin yana hana jininsa ɗaukar iska, sai leɓɓansa su yi duhu, numfashi ya gagara. Ya ce abin da ya fi muni shi ne tafasawa ba ta kashe shi. Ruwan ne ke tafiya da tururi, shi ya zauna, ya ƙara kauri.

Ya zana taswira da hannunsa, ya sa jan biro a kan rijiyoyi shidan, ya kai wa Dakta Mahbub. Dakta ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Malam Shadrak, aikinka ya yi kyau," in ji shi. "Amma ka san masai ma yana ba da naitiret, kashin dabbobi ma haka. Kuma mun sami ƙwayoyin cuta a ruwan, ka gani da idonka."

"Yallaɓai, a Lakwaya ma akwai masai, akwai dabbobi. Me ya sa nasu bai haura ba?"

"Tambaya ce mai kyau. Amma kafin ka ce daga ramin ne, sai an yi wani gwaji da ba a yi a ƙasar nan. Wa zai biya? Wurin Kamfani za mu je mu ce su ba mu kuɗi mu kama su?"

Dakta ya jawo fayil ya buɗe masa shafi na shida na takardar da ya sa wa hannu. An rubuta cewa duk sakamakon binciken mallakar cibiya ne, kuma ba za a fitar da komai ba sai Kamfani ya duba ya amince. Dakta bai ɓoye masa ba cewa shi kansa yana cikin masu ba Kamfani shawara, duk bayan wata uku suna zama.

"Ba ƙarya za mu yi ba," in ji Dakta. "Za mu haɗa rijiyoyin kowace mazaɓa mu fitar da matsakaici, kamar yadda ake yi a ko'ina. Taswira kuma a bar ta tukuna. Ni zan yi musu maganar ramin a cikin gida, sun fi jin magana idan ba a kunyata su ba. Akwai ɗalibai huɗu bayan kai, akwai ma'aikata bakwai a cibiyar nan. In aka rufe ta, wa zai sake auna ruwan kowa a yankin nan?"

Da aka haɗa rijiyoyi shidan da sauran na Dugabau masu kyau, lambar ta sauko ta zama abin da za a kira "ya ɗan haura kaɗan".

Shadrak ya yi mako biyu ba ya cikin hayyacinsa. Lucia ce ta fito ta faɗa masa abin da yake tsoro. Ta ce, "Baban Jemimah, samari nawa ke aiki a Kamfanin nan? Sun fi ɗari biyu. In aka ce wani malami baƙo ne ya sa aka rufe, ina za mu sa kanmu? Shagona a tsakiyar kasuwa yake." Ba wanda ya taɓa yi musu barazana a Gwarzo, ni shaida ne, zaman lafiya suke da kowa. Amma mutumin da ya bar garinsu yana da irin lissafin da ɗan gari ba ya yi, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya yanke shi ne ya bi ta tsakiya. Ya yarda da gyaran da Dakta ya yi, amma ya hau babur ya je Unguwar Sajo ya sami Malam Bashari. Ya ce masa a daina ba ƙananan yara ruwan rijiyar nan, musamman jarirai, ko an tafasa ko ba a tafasa ba, a riƙa ɗebo na sha daga tuƙa-tuƙar bakin titi. Malam ya tambaye shi dalili. Shadrak ya ce akwai wani abu a ruwan, ana kan bincike. Bai ambaci ramin ba, bai ambaci lambar ba. Malam ya gode masa, ya kuma yi umarni a gidansa. Tuƙa-tuƙar tana da nisa, ga layi, amma matan gidan suka jure.

A 2022 rahoto ya fito, aka yi taro a babban ɗaki a birni, aka ci abinci. An kammala da cewa ruwan rijiyoyin yankin yana da ƙwayoyin cuta saboda masai da ke kusa da su, da ɗan naitiret da mai yiwuwa daga nan yake. Kamfani ya ɗauki nauyin buga takardar faɗakarwa da Hausa, dubbai, mai launi, da tambarin jami'a a sama. Babban saƙonta da manyan baƙaƙe: a tafasa ruwan rijiya sosai kafin a sha, musamman wanda za a ba yara. A ƙasa aka jera sunayen masu binciken. Dakta Mahbub na farko, Shadrak Didam na biyu. Ba a nuna masa takardar ba kafin a buga. A bangon wani kantin magani a Kabo ya fara ganinta. Ya kira Dakta a waya, Dakta ya ce sashen hulɗa da jama'a na Kamfani ne ya tsara, kuma ai tafasa ruwa shawara ce mai kyau ga yawancin rijiyoyin, za a gyara a bugu na biyu.

Shadrak ya yi niyyar komawa Unguwar Sajo a makon. Sai jarrabawar ƙarshen zango ta zo, sai kare kundinsa a gaban malamai, sai Tony ya karye a hannu wajen ƙwallo. Ya ce a ransa ai ya riga ya faɗa wa Malam baki da baki. Wata uku suka wuce. Ya karɓi digirinsa, muka yi masa walima a ɗakin malamai da lemo da cincin.

A cikin watannin nan ne 'yar Malam Bashari, Fatimatuz Zahra, ta zo gida wankan jego da tagwaye, Hassana da Usaina. Nononta bai ishe su ba, aka riƙa haɗa wa Usaina, wadda ta fi ƙanƙanta, madarar gwangwani. Tuƙa-tuƙar bakin titi ta lalace. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zagayo gida-gida da takardar nan tana bayani. Matan gidan suka koma rijiyarsu, suna tafasa ruwan har ya ƙone rabi, don su tabbata sun bi doka. Usaina ta fara yin duhu a leɓe da farce, tana kasa shan madara, aka ɗauka sanyi ne. Ranar da aka ɗauke ta za a kai asibiti, a kan hanya ta cika. Kwananta hamsin da biyu.

Ni na raka Shadrak ta'aziyya. A zaure muka sami Malam da mutane, muka gaisa, muka yi addu'a, Shadrak ya sunkuyar da kai. Da mutane suka ragu, ya matsa kusa da Malam.

"Malam, ban ce ko an tafasa kada a ba jarirai ba?"

"Ka faɗa, Malam Shadrak. Ban manta ba." Malam Bashari ya sa hannu a ƙarƙashin buzunsa ya zaro takardar, an ninke ta huɗu. "Amma daga baya wannan ta zo. Ni da kaina na karanta musu. Na ga sunanka a ƙasa, sai na ce to, bincike ya ƙare, abin da ya gano ke nan, ya canza magana. Har na ce da su ku kwantar da hankalinku, mutumin nan na san shi, ba zai sa sunansa a abin da bai tabbata ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya yi faɗan. Shadrak ya buɗe baki ya fara bayanin ramin da lambar da shafi na shida, duk abin da ya kamata ya faɗa shekara guda da ta wuce, yana yi yana haɗa kalmomi. Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Kwananta ne ya ƙare," in ji Malam. "Wannan na yarda da shi. Amma da ka gaya mini haka tun farko, da da hannuna zan rufe rijiyar nan, ko da ta mahaifina ce. Ka ɗauke ni wanda ba zai gane lissafi ba ne?"

Shadrak ya miƙe, muka yi sallama. A hanyar dawowa ya tsayar da babur wajen wata gonar dawa, ya sauka ya ba ni makulli, ya ce in tuƙa, idonsa ba ya gani sosai.

Babu wanda ya gwada jinin yarinyar, saboda haka babu takardar da za ta ce ga abin da ya kashe ta. Dakta Mahbub ya faɗi haka, kuma gaskiya ne. Shadrak dai ya rubuta wa jami'a wasiƙa shafi huɗu, ya haɗa da taswirarsa da lambobin da ya kwafa a littafinsa, ya ce a janye takardar faɗakarwa, a cire sunansa. Bayan wata takwas aka amsa masa. Kwamiti ya zauna, bai sami wani laifi ba. Ruwan da ya ɗebo an zubar da shi tuni, don ba a ajiye irinsa fiye da wa'adi. Lambobin littafinsa kuma mallakar cibiya ne, ana tuna masa kada ya yaɗa su. Daga baya muka ji cewa mutum biyu daga cikin biyar na kwamitin, ɗalibansu na karatu da tallafin Kamfani.

An ɗan yi wasu abubuwa, ba zan ce ba a yi ba. An yi wa ramin daɓen siminti ba tare da sanarwa ba, wataƙila Dakta ya cika alkawarinsa na magana a cikin gida. Kamfani ya haƙa wa Unguwar Sajo burtsatse mai sola, da tanki da allo mai ɗauke da sunansa, aka zo da masu hoto. Ba a janye takardar ba, bugu na biyu kuma bai taɓa fitowa ba. Malam Bashari ya sa an rufe rijiyarsa da faranti na ƙarfe da kwaɗo. Sauran biyar ɗin suna nan a buɗe. Shadrak ya bi su gida-gida ya yi bayani, wasu suka ji, wasu suka nuna masa allon burtsatse suka ce mutanen da suka yi mana wannan ne za su sa mana guba? Wani ma ya tambaye shi ko an hana shi kasonsa ne.

Bayan nan ya canza. Yana zuwa aiki a kan lokaci, yana gama darasinsa, amma hira ta ƙare a kan babur. An ƙara masa matsayi saboda digirin, ya karɓi takardar ya sa a aljihu. Ya daina zuwa ƙungiyar mawaƙa a majami'arsu, inda ya yi shekaru yana jan murya. Lucia ta ce mini yakan zauna a ƙofar ɗaki da rana tsaka, abinci a gabansa har ya huce. Sau biyu Malam Bashari ya aiko masa da gaisuwa da ƙwaryar gyaɗa, ya ce ya zo su gaisa, babu komai a ransa. Shadrak ya karɓi gyaɗar, ya aika da godiya, amma bai iya zuwa ba.

A watan Satumbar 2024 ya faɗi a aji yana rubutu a allo. Hawan jini ne, ya taɓa masa ɓarin hagu da harshe. Shekararsa arba'in da shida. Ya yi wata guda a asibiti, ya fito yana jan ƙafa, magana sai a hankali. Lucia ta sayar da shagon, 'yan'uwansa suka turo mota daga Zonkwa. Mu malaman makaranta muka taru muka loda kaya, katifu da tukwane da kwalayen littattafai. Ana cikin lodi ya kira ni gefe, ya riƙe mini hannu da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. Cewa ya yi in riƙa leƙawa Unguwar Sajo idan rani ya yi, in ga ko burtsatsen yana aiki.

Na je a watan Afrilun da ya wuce. Injin ya ƙone tun kafin azumi, an kai ƙorafi, ana jira. Na ga mata biyu a bakin ɗaya daga cikin rijiyoyin, ɗaya da goyo. Na yi musu bayani gwargwadon abin da malamin Hausa zai iya, suka saurare ni da ladabi, suka ce to Malam, sun gode, sannan mai goyon ta tambaye ni a ina za su samo wani. Da Shadrak ya kira ni a waya ranar Lahadi, Jemimah na riƙe masa ita a kunne, na ce masa ana kan gyara.